Me Ya Sa Ƙara HTTP a Butlodar da Ke Tashi Ta Hanyar Sadarwa Yake da Wuya?

Ka ce kana da tarin kwamfutoci da ke tashi ta hanyar sadarwa da PXE, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta jawo manhajarta daga saba maimakon faifai, fayilolin da suke ja sun kumbura har TFTP, tsohuwar ƙa'idar tura fayil da PXE ke amfani da ita, ya zame maka ƙarfen ƙafa, shi ne kake tunanin buɗe kod ɗin butlodar da kuke amfani da ita, wato ƙaramar manhajar da ke lodo babbar manhaja lokacin tashi, ka ƙara mata HTTP, ƙa'idar da burauza ke jawo shafuka da ita, da hannunka. Ka kuma tambaya, in dai HTTP ɗan rubutu ne mai layi biyu ko uku, me ya hana masu waɗannan manhajoji yin haka tun tuni.

Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ne. Saƙon da za ka tura wa saba bai wuce GET /vmlinuz HTTP/1.1 ba, sai layin Host, sai layi fanko. Ɗalibin da ya fara koyon C zai haɗa shi a zama ɗaya. Abin da ke ba da wuya yana ƙarƙashin wannan rubutun. Duk lokacin da burauza ko curl suka yi magana da saba, a kan babbar manhaja irin Linux ko Windows da ta riga ta tashi suke tsaye. Ita ke tuƙa katin sadarwa, ita ke riƙe da TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da bayanai sun iso cif a jere, ita ke raba memori, ita ta san ƙarfe nawa, ita ta ajiye satifiket ɗin da za a yarda da su. Butloda kuwa tana aiki ne a daƙiƙun da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin babbar manhajar ce ma take ƙoƙarin jawowa. Wanda ya ce zai ƙara HTTP a nan, rufi ya zo ɗorawa a filin da ba a haƙa tushe ba.

Sai ka ga abin da ya sa aka zaɓi TFTP kafin ka gane girman abin da za ka bari. An tsayar da ƙa'idarsa a takardar RFC 783 a 1981, aka sabunta ta a RFC 1350 a 1992. A kan UDP yake tafiya, ƙa'ida mai sauƙi da ba ta ba da tabbacin saƙo ya isa. In ka kunna Wireshark, manhajar kallon abin da ke wucewa a waya, ka zuba ido, ga abin da za ka gani: kwamfuta ta aika wa ƙofa ta 69 sunan fayil, saba ta turo guntu na 1 mai bayit 512, kwamfuta ta ce na karɓi 1, saba ta turo na 2, kwamfuta ta ce na karɓi 2, haka har guntun da bai cika 512 ba ya zo, shi ne alamar an gama. Duk abin da kwamfutar za ta riƙe a kai lamba ɗaya ce, wato guntun da take jira. Irin wannan kod ɗin yana shiga ƙaramin ROM na katin sadarwa har ya bar fili. Shi ya sa da Intel ta fitar da PXE 2.1 a 1999, DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, da TFTP ta ɗora shi a kai.

Ciwon da kake ji ma daga wannan sauƙin ya fito. Tunda ba a turo guntu na gaba sai an amsa na baya, saurinka ya dogara ne da tsawon lokacin zuwa da dawowa, faɗin layinka bai da tasiri. In zuwa da dawowar milisakan 1 ne, kana samun kusan kilobayit 500 a daƙiƙa. In sabar tana wani gari, ya zama milisakan 50, ka koma kilobayit 10 a daƙiƙa, fayil mai megabayit 100 zai ci kusan awa uku ko da layin gigabit kake da shi. Lambar guntun kuma bit 16 ce, don haka tsofaffin manhajoji kan cije a wajen megabayit 32. An yi ƙoƙarin gyara: RFC 2348 ya ba da damar ƙara girman guntu a 1998, RFC 7440 kuma ya kawo tura guntaye da yawa kafin amsa a 2015. Amma ROM ɗin da aka ƙona kafin nan bai san da zancen na biyun ba. Ga kuma matsalar bangon wuta da NAT, domin saba ba ta ƙofar 69 take amsawa ba, sabuwar ƙofa take buɗewa. Don haka sha'awarka ta HTTP tana kan hanya. Farashinsa ne ya kamata ka sani.

Babban abin da za ka biya shi ne TCP, kuma a nan mafi yawan masu wannan yunƙuri suke kafewa. Gaisuwar buɗe hulɗa mai mataki uku ba komai ba ce. Wahalar tana farawa ranar da fakiti, wato ƙunshin bayanai, ya ɓata a hanya, ko na 7 ya riga na 6 isowa, ko abu ɗaya ya zo sau biyu. Dole ka riƙe lambobin jeri na ɓangarori biyu, ka ajiye agogon sake aikawa, ka yanke shawarar abin da za ka yi da fakitin da ya zo kafin lokacinsa. In ka zubar da shi, kod ɗinka ya yi sauƙi, amma ɓatan fakiti ɗaya zai sa saba ta sake turo duk abin da ya biyo bayansa. In ka ajiye shi, kana buƙatar layin jira a memori, da lissafin ramukan da ba a cike ba, da SACK don ka gaya wa saba ainihin abin da ya ɓace. Sa'a ɗaya da kake da ita, butloda mai karɓa ce, kusan ba ta aika komai, don haka lissafin rage cunkoso yana wuyan saba.

Sai maganar taga, wato yawan bayanan da ka ba saba izinin turowa kafin ka amsa. Ba tare da ƙarin da RFC 1323 ya kawo ba, tagar ba ta wuce bayit 65,535. A kan layi mai milisakan 100 wannan ya tsayar da kai a wajen kilobayit 650 a daƙiƙa. Sai ka ce to bari in buɗe tagar sosai. Nan take saba mai katin gigabit 10 za ta antayo maka ɗaruruwan fakiti a jere, alhali direban butloda wuri kaɗan yake ware wa fakitin da ke shigowa, domin an rubuta shi ne da tunanin TFTP mai zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wurin ya cika, sauran suka zube, saba ta ja baya, ta sake gwadawa, suka sake zubewa. Na sha ganin HTTP da aka saka don sauri ya koma bai kai TFTP ɗin da aka guda ba, kuma in ka bi diddigi a nan za ka tarar da matsalar.

Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne butloda ba ta da ma'aikata da yawa da ke gudu lokaci guda. Zare ɗaya ne, yana zagayawa yana leƙa katin ko wani abu ya zo. Duk lokacin da kod ɗinka ya tsaya yin wani aiki, ko zana ci gaban saukewa a allo, ko warware fayil da aka matse, ko lissafin makullin TLS, tsarin ɓoye saƙo na HTTPS, babu mai leƙa katin, fakiti kuma ba sa jira. A wasu injuna rubuta layi ɗaya a allo ta hanyar famwaya, wato manhajar da aka dasa a cikin injin, yana cin lokacin da zai isa a yi asarar fakiti. Shi ya sa wani lokaci kana kunna saƙonnin bincike don ka kama matsala sai matsalar ta canza kama.

Akwai wani ƙaramin tarko da ba a cika faɗa ba. Kwamfutar da ta tashi yanzu ba ta tuna komai, don haka in ba ka yi hattara ba, duk tashi lambar ƙofa ɗaya da lambar jeri ɗaya za ta zaɓa. A ce an kashe ta a tsakiyar saukewa aka sake kunnawa. Saba tana nan riƙe da tsohuwar hulɗar, sai ga sabuwar gaisuwa daga adireshi ɗaya da ƙofa ɗaya, sai a yi ta kai-komo kafin su fahimci juna. Kuma lambar jerin da za a iya hasashe ƙofa ce ga mai son cusa maka bayanan ƙarya. Kana buƙatar lambobin da ba a iya hasashensu tun kafin ka kai ga maganar ɓoye saƙo.

Duk wannan ma sai ka sami hanyar taɓa katin. ROM ɗin PXE yana ba ka hidimar TFTP da ta UDP a shirye, amma babu TCP a ciki. Hanya biyu ta rage. Ta farko ka sauka zuwa UNDI, ƙaramin direban da mai katin ya saka a ROM, ka riƙa karɓar ɗanyen fakiti kana gina IP da ARP da TCP naka a kai. Haka Syslinux ta yi a 2013 da ta fitar da lpxelinux.0, inda ta ɗauko lwIP, ƙaramin tarin TCP/IP da Adam Dunkels ya fara rubutawa a Suwidin don ƙananan na'urori. Amfanin hanyar shi ne tana aiki da kowane kati mai PXE. Aibinta kuwa, a tsohon BIOS UNDI kod ne na bit 16, duk fakiti sai firosesa ta koma tsohon yanayinta ta dawo, sannan masu katin da yawa da TFTP kawai suka gwada shi. Wani zai ce yana ba da sigina in fakiti ya zo, ba ya bayarwa. Wani zai daskare in aka matsa masa. Ba kai ka rubuta kurakuran ba, ba ka da ikon gyara su, amma a kanka za a kawo ƙara. Hanya ta biyu ita ce ka rubuta direbanka na kowane kati, abin da Etherboot ta faro tun 1995, ya bi ta gPXE ya zama butlodar iPXE a 2010 a hannun Michael Brown. Wannan ya fi sauri da tabbas, sai dai aiki ne da ba ya ƙarewa, kullum sabon kati na fitowa.

A UEFI, famwayar zamani da ta gaji BIOS, an sami sauƙi, domin akwai hidimar SNP da ke ba ka fakiti cikin tsari mai tsabta. Amma can ma akwai nasa rikicin: famwaya tana da nata tarin sadarwar da ke leƙa katin a bayan fage. In ba ka karɓe katin kacokan ba, ku biyu za ku riƙa wawasar fakiti, na hannunka ya faɗa hannunta, kai kuma ka zauna kana jiran abin da an riga an cinye.

Maganar wuri ba ta da tsawo amma tana da nauyi. A tsohon BIOS, ROM na dukkan katunan da ke cikin inji suna raba fili mai kilobayit 128 ne, katin hoto ya ɗebi nasa, katin faifai ya ɗebi nasa. Ƙasa da nan kuma kilobayit 640 ne kowa ke cinkoso a ciki. Shi ya sa a iPXE kusan kowace ƙa'ida sai ka zaɓa lokacin haɗa manhajar, kuma shekaru da yawa HTTPS a kashe yake zuwa sai ka kunna da kanka. Mafitar da kowa ya koma ita ce hawa-hawa: ROM ya jawo ƙaramin fayil kamar undionly.kpxe ta TFTP, shi kuma ya ci gaba da HTTP. Ka lura da abu ɗaya a nan. Da iPXE ta tashi za ta sake tambayar DHCP, in sabar DHCP ba ta bambance ta da ROM ba sai ta sake ba ta fayil ɗin iPXE, ta sake lodin kanta, a yi ta zagaye ba iyaka. Ana karya wannan ne ta duba zaɓi na 77 na saƙon DHCP, inda iPXE ke rubuta sunanta, ko a dasa mata umarnin farko a cikinta.

To mu ce TCP ya tsaya da ƙafarsa. HTTP ɗin da muka ce mai sauƙi ne, sauƙinsa a wajen tambaya yake. Amsa kuwa saba ce ke da ikon yadda za ta ba ka ita. Da farko adireshin yanzu suna ne, ba lamba ba, don haka kana buƙatar DNS mai juya suna zuwa lamba, wata ƙa'idar ke nan da za ka rubuta ka kuma tsare. Adireshin kansa sai ya shiga DHCP, inda tsohon gurbin sunan fayil bayit 128 ne, zaɓi na 67 kuma 255. A IPv6 zaɓi na 59 ne ke ɗauke da shi, hanyar fita kuma ba DHCPv6 ke ba da ita ba, sai ka saurari sanarwar rauta. Sannan saba na iya ce maka 301 ko 302, je ka can, can ɗin kuma sau da yawa https ne. Tana iya matse abin da gzip. Tana iya ƙin faɗin girman fayil ta turo shi gutsure-gutsure, tsarin da HTTP/1.1 ya wajabta wa kowane mai karɓa ya iya.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga butloda. Babbar manhaja tana iya ba ka memori kaɗan-kaɗan ta haɗa maka su kamar a jere suke. A nan kuwa memori na zahiri kake taɓawa, mai ramuka da wuraren da famwaya ta hana, kuma initrd, tarin fayilolin farko da ake lodawa tare da kanel (zuciyar babbar manhaja), mai ɗaruruwan megabayit, yana son fili guda a jere. In ba ka san girmansa ba, ko ka yi ta faɗaɗa wuri kana kwashe abin da ka tara, ko ka kame fili mafi girma ka yi fata ya isa. Shi ya sa HTTP Boot na UEFI yake fara aika HEAD don ya ji girman kafin ya aika GET. Ka sa shi gaban wata manhajar saba da ke ƙirƙirar fayil nan take, wadda ba ta amsa HEAD yadda ya kamata, sai tashi ya tsaya da saƙon kuskure da ba ya gaya maka komai.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. TCP kogi ne na bayit, bai san layi ba. Kanun amsar saba na iya rabewa ko'ina: "Content-Le" a fakiti ɗaya, "ngth: 5242880" a na gaba. A ɗakin gwaji ba za ka taɓa ganin haka ba, domin kanun ƙanana ne suna zuwa a dunƙule. Mai mugun nufi kuwa da gangan zai raba su. A Yunin 2022 an bayyana kuskuren tsaro mai lamba CVE-2022-28734 a butlodar GRUB, kuma ainihin wannan ne: kod ɗin da ke haɗa kanun da suka rabe yana gusar da manuninsa da bayit ɗaya, ya yi rubutu a wajen wurin da aka ware. A Janairun 2024 aka gyara CVE-2023-40547 a shim 15.8. Shim ita ce ƙaramar manhajar da Microsoft ke sa wa hannu don Linux ya tashi ƙarƙashin Secure Boot, tsarin da ke hana inji tada manhajar da ba a sa wa hannu ba. Kuskuren shi ne ta ware memori gwargwadon abin da Content-Length ya faɗa, sannan ta kwafe gwargwadon abin da ya iso. Saba ta ce kaɗan ne ta turo da yawa, ragowar ya malala kan abin da ke gaba. A Janairun 2024 ɗin dai kamfanin Quarkslab na Faransa ya fitar da PixieFail, kurakurai 9 a tarin sadarwar EDK II, wanda kamfanonin famwaya da dama ke gina nasu a kai. Yawancinsu a IPv6 da DHCPv6 suke, akwai kuma na lambar jerin TCP da ake iya hasashe.

Waɗanda suka rubuta waɗannan manhajoji ba 'yan koyo ba ne. Abin da ya sa kuskure a nan ya fi na burauza muni shi ne babu katanga. Burauza tana cikin keji, da izini kaɗan, babbar manhaja na sa mata ido. Butloda tana da cikakken iko a kan injin, kariyar memori kaɗan ce ko babu, kuma duk wanda ya kama ta ya riga kanel da duk wata manhajar tsaro zama. Kowane layin da ka ƙara mai karanta abin da ya fito daga waya, ƙofa ce ka ƙara a wurin da ya fi ko'ina haɗari.

Za ka ce HTTPS zai rufe wannan. Shi ma da nasa kayan. Lissafin ɓoye saƙo da karanta satifiket na X.509 sun fi duk sauran kod ɗin girma, kuma tarihin masu karanta ASN.1 cike yake da kurakurai. Kowane ƙunshin TLS yana iya kai bayit 16,384, dole ka tara shi cif ka tantance kafin ka yi amfani da ko bayit ɗaya. Sai abubuwa uku da babbar manhaja ke bayarwa kyauta. Na ɗaya lokaci: satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, na Let's Encrypt mai ba da satifiket kyauta ba ya wuce kwana 90, injin da batirin agogonsa ya mutu kuwa zai farka yana zaton shekarun baya ne, ya ƙi satifiket mai kyau. In ka ce a tambayi sabar lokaci ta NTP, amsar ta hanyar da ba ka yarda da ita ba za ta zo. Na biyu lambobin da ba a iya hasashe, waɗanda makullin hulɗa ke dogara da su. Injin da ya tashi yanzu babu motsin linzami ko na faifai da zai tara. Sababbin firosesa suna da RDRAND, UEFI na iya ba da hidimar RNG, a tsohon BIOS kuwa iPXE sai da ta koma auna ɗan bambancin da ke tsakanin bugun agogon RTC da ƙidayar firosesa.

Na uku, wa za ka yarda da shi? Jerin tushen satifiket da burauza ke ɗauke da shi ya fi ƙarfin ROM, kuma yana canzawa. iPXE ta zaɓi dasa zanen yatsan tushe guda nata, bayit 32, sannan ta sa hannu a kan tushen da Mozilla ta yarda da su, a jawo wanda ake buƙata lokacin tashi. Dabara ce mai kyau, amma ta sa injinka dogaro da wata saba ta waje sai in ka dasa naka tushen. A UEFI kai ne za ka shigar da satifiket ɗin a famwayar kowane inji. Ka tuna kuma famwaya tana daɗewa fiye da ƙa'idojin. An yi wa TLS 1.0 da 1.1 ritaya a 2021, tushen DST Root CA X3 ya ƙare ranar 30 ga Satumba na shekarar, na'urori da yawa da ba a sabunta ba suka daina shiga shafukan da suka saba. Burauza tana sabuntuwa duk 'yan makonni. Famwayar saba kuwa tana iya shekara 10 ba a taɓa ta ba.

Ga abin da ya fi damuna da yadda mutane ke ɗaukar HTTPS a wannan fage. Wa ya gaya wa injin adireshin da zai je? DHCP, wanda ba shi da wata tantancewa, wanda ya riga amsawa shi ne mai gaskiya. In butlodarka ta yarda da duk tushen duniya, maharin da ke cikin hanyar sadarwarka zai ba ta adireshin sabarsa, mai satifiket na gaske da ya karɓa kyauta da sunan da ya mallaka. TLS zai tantance, komai ya yi kore, injinka ya lodi kanel ɗin ɓarawo ta hanya mai tsaro. Abin da ke kare ka shi ne sa hannu a kan fayil ɗin kansa, ko ta Secure Boot, ko ta imgverify a iPXE, ko ka taƙaita yarda ga tushenka kai kaɗai. Nan ma ka kula, a tsarin da aka saba Secure Boot kanel yake dubawa, initrd da layin umarni da fayil ɗin zaɓuɓɓuka suna wucewa ba bincike. Shi ya sa ake haɗe su cikin fayil guda na UKI a sa masa hannu gaba ɗaya. A ganina in za ka zaɓi ɗaya tsakanin HTTPS da sa hannu, ɗauki sa hannu. HTTPS amfaninsa ɓoye abin da ke wucewa, musamman in akwai kalmar sirri ko makulli a ciki.

Bayan an gama saukewa saura miƙa mulki. Duk abin da ka gina yana mutuwa da zarar kanel ya karɓa. Dole ka rufe hulɗoɗin TCP, ka kuma kashe katin gaba ɗaya, domin katin da aka bari a kunne zai ci gaba da zuba fakiti kai tsaye cikin memorin da yanzu na kanel ne, ya haifar da faɗuwar da ba ta da tsari. Kanel zai sake tada katin da direbansa, ya sake DHCP, initrd ya nemi sauran tsarin da kansa. A nan masu cewa "in na sami HTTP sai in jawo ISO kawai" suke shan mamaki. A BIOS, manhajar memdisk tana nuna ISO ɗin, wato kwafin CD a fayil guda, kamar faifai ne ta hidimar INT 13h, Linux na tashi ya daina amfani da ita, faifan ya ɓace, mai girkawa ya tsaya yana neman CD. UEFI ta magance wannan da faifan RAM da ake sanar da babbar manhaja ta teburin NFIT na ACPI, in famwaya da kanel duk sun iya. Windows PE kuma wimboot ake bi da shi.

In kana son ma'aunin wahalar, dubi U-Boot, butlodar ƙananan na'urori. Ta shafe wajen shekara 20 tana tada na'urori da TFTP da NFS, sai a fitowar 2023.01 ta sami TCP da umarnin wget, daga baya kuma masu kula da ita suka shigo da lwIP da Mbed TLS maimakon ci gaba da faɗaɗa nasu.

Shawarata, kada ka rubuta TCP naka. In injunanka sababbi ne, UEFI tun sigar 2.5 ta 2015 tana da HTTP Boot a cikinta. Injin zai aiko da HTTPClient a zaɓi na 60 da lamba 16 a zaɓi na 93 in x64 ne, sabar DHCP ta mayar masa da HTTPClient ɗin tare da cikakken adireshi a zaɓi na 67. In ta manta mayar da kalmar, famwaya za ta yi kamar ba ta ji amsar ba, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. In injunan gauraye ne, bar TFTP ya ɗauki fayil ɗin iPXE kawai, wanda bai kai megabayit ɗaya ko biyu ba, sauran su bi HTTP. In kuwa dole sai butlodarku ce za ta yi, saboda na'ura ce ta musamman, ɗauki lwIP da Mbed TLS, ka duba lasisinsu ya dace da naku. Mai karanta amsar HTTP ɗinka ya zama mai tsauri: iyaka ga tsawon kowane layi, iyaka ga yawan turawa wani adireshi, kuma kowane kwafi a auna shi da girman wurin da aka ware, ba da abin da saba ta faɗa ba.

Wajen gwaji kada QEMU, manhajar da ke kwaikwayon inji, ya ruɗe ka, domin hanyar sadarwarsa ba ta ɓatar da komai. Sa injin Linux a tsakani, ka yi amfani da tc netem ka ƙara jinkirin milisakan 100, ka zubar da fakiti 1 cikin 100, ka hargitsa jerinsu. Rubuta ƙaramar sabar mugunta da ke turo kanu bayit ɗaya-ɗaya, ta yi ƙarya a Content-Length sama da ƙasa, ta yanke hulɗa a tsakiyar fayil, ta tura ka adireshin da ke dawo da kai inda ka fito. Sannan ka kunna injuna 50 lokaci guda, a kan katuna daban-daban, da kebul ɗin siriyal a haɗe don ka ga inda kowanne ya tsaya. In DHCP ya riƙa ƙarewa kafin a sami amsa, duba suwic tukuna kafin ka zargi kod ɗinka, domin tsohon STP, tsarin da suwic ke hana zagaye da shi, yana riƙe ƙofa kusan daƙiƙa 30 duk lokacin da direba ya sake tada katin, sai an kunna portfast ko makamancinsa a ƙofofin da injunan ke ciki.